Dokokin sake sarrafa shara na ƙaruwa, sharar ba ta raguwa: ina matsalar take?

A 2018 cibiyar Circle Economy da ke Amsterdam ta ƙiyasta cewa kashi 9.1 cikin ɗari ne kacal na kayan da tattalin arzikin duniya ke haɗiya a shekara suka fito daga abin da aka sake sarrafawa. Sauran duk sabon haƙo ne, sabon sara, sabon girbi. A 2023 adadin ya sauko zuwa kashi 7.2, a 2025 kuma ya koma 6.9. A tsakanin waɗannan shekarun ne kuma aka fi zubo dokoki a kan lamarin: Tarayyar Turai ta sabunta shirinta na rage shara da sake amfani da kaya a 2020, Faransa ta kafa dokar yaƙi da almubazzarancin kaya a shekarar, ƙasashe da dama sun haramta leda. Duk wanda ya ɗora waɗannan labarai biyu gefe da gefe dole ya ɗaure kai.

Dalilin farko a fili yake. Haƙo sabbin kaya na gudu fiye da sake sarrafa tsofaffi. Kwamitin masana albarkatu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya lissafa cewa abin da ake cirowa daga ƙasa a shekara ya tashi daga tan biliyan 27 a 1970 zuwa tan biliyan 92 a 2017. Dalili na biyu shi ne wanda masu tsara manufofi suka fara mayar da hankali a kai: yawancin dokokin gaɓa ɗaya suke kamawa a cikin doguwar sarƙa, sai matsalar ta zame ta ɓulla a gaɓa ta gaba. Hanyar da ake gwadawa don magance wannan ita ce duban tsari baki ɗaya a matakin yanki, domin gina tattalin arziki mai zagayawa da ci gaba mai ɗorewa.

Kalmomin da ake ta maimaitawa

Tattalin arzikin da aka saba da shi miƙaƙƙen layi ne: a haƙo, a ƙera, a yi amfani, a yar. Tattalin arziki mai zagayawa kuwa yana neman lanƙwasa layin nan ya zama da'ira, kaya su daɗe a hannun mutane, abin da wani ya gama da shi ya zama ɗanyen kayan wani. Mutane da yawa na ɗauka sake sarrafa shara ake nufi kawai, alhali shi ne mataki na kusa da ƙarshe. Dokar shara ta Tarayyar Turai ta 2008 ta jera matakan bisa fifiko: kada a samar da sharar tun farko, sai sake amfani da kayan yadda suke ko bayan gyara, sai narkawa ko niƙawa a yi sabo, sai ƙonawa a samu makamashi, sai binnewa a juji. Duk matakin da aka sauka, an yi asarar wani abu na aikin da aka zuba wajen ƙera kayan.

Ci gaban yanki mai ɗorewa na nufin jiha ko lardi ko gungun garuruwa su bunƙasa ba tare da sun cinye ruwa da ƙasa da dazukan da bunƙasar ta dogara a kansu ba.

Duban tsari baki ɗaya shi ne hanyar aikin. Mai tsara manufa ya fara da tambayar yadda abubuwa ke haɗe da juna kafin ya zaɓi wanda zai taɓa. Abubuwa huɗu yake nema. Akwai abin da ya taru, kamar ruwan cikin tanki, akwai abin da ke shiga da fita, kamar famfon sama da na ƙasa. Akwai sakamako mai komowa, inda abin da doka ta haifar ke dawowa ya ƙarfafa ta ko ya kashe ta. Akwai jinkiri, domin ginin da aka yi yau sai bayan shekara hamsin ko fiye zai zama ɓaraguzai. Na huɗu shi ne makama, wurin da ɗan taɓi ke motsa tsarin duka.

Tushen wannan tunani

Jay Forrester ne ya assasa lissafin motsin tsare-tsare a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1950, kuma Donella Meadows, wadda ta fito daga wannan makarantar tunani, ta jera wurare 12 da ake iya taɓa tsari a wata maƙala ta 1999. Abin da ya fi jan hankali a jerin nata shi ne abin da ta sa a ƙasa, a matsayin mafi ƙarancin tasiri: ƙara ko rage lambobi, irin su adadin haraji ko tallafi, wato ainihin abin da majalisu suka fi ɓata lokaci a kai. A sama ta sa wanda ke samun bayani, da ƙa'idojin wasan, da manufar tsarin kansa.

Ta fuskar doka, Jamus ta fara da dokar kayan naɗi ta 1991, wadda ta ɗora wa mai ƙera kaya alhakin kwali da robar da ya naɗe su da ita. Japan ta kafa tata babbar dokar a 2000, Sin ta zartar da tata a 2008. Sauko da tunanin zuwa matakin yanki ya zo daga baya. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka sani shi ne shirin RETRACE, wanda jami'ar fasaha ta Turin a Italiya ta jagoranta daga 2016, tare da yankuna daga Italiya, Sifaniya, Faransa, Sulobeniya da Romaniya.

Me ya sa yanki?

Shara kaya ce mai nauyi da arha, kuma kaya irin wannan ba ya jure doguwar tafiya. Ragowar abinci galibinsa ruwa ne, mai jigilarsa nesa kuɗin dakon ruwa yake biya. Ɓaraguzan gini sun fi haka nauyi. Gorar roba kuwa akasin haka ce, tana cika mota tun nauyin bai kai ko'ina ba, shi ya sa sai an matse ta dami-dami kafin dako ya biya. Tururi da ruwan zafi ma hucewa suke a cikin dogon bututu. Saboda haka da'irar ruɓaɓɓun kaya da ɓaraguzai da zafi dole ta rufe a kusa. Gari ɗaya sau da yawa ba shi da isasshen kayan da zai ciyar da masana'anta, ƙasa baki ɗaya kuma ta yi faɗi a san wa ke zubar da me. Ƙarfe da tagulla da batura suna da tsadar da za su iya ƙetare iyaka, don haka ba kowace da'ira ce ta yanki ba, kuma sanin wacce ce wacce yana cikin aikin.

Yadda ake aikin

Ana farawa da shata iyaka: wane yanki, waɗanne kaya, wace shekara. Wanda ya ce zai auna komai ba zai gama ba. Kaya uku ko huɗu mafiya nauyi ko mafiya illa sun isa.

Sai bin sawun kayan da ma'auni. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ya shigo yankin dole ya yi daidai da abin da ya fita, haɗe da abin da ya taru a gine-gine da rumbuna, haɗe da abin da aka zubar. In lissafin bai haɗu ba, giɓin labari ne. Yawanci yana nuna sharar da ake ƙonawa a bayan gida, ko wadda 'yan bola jari ke kwashewa ba tare da ta shiga rajistar kowa ba. Bai kamata a dogara da takardun kamfanin kwasar shara kaɗai ba, musamman in da nauyi ake biyansa. Masu aikin na zazzage lodin motoci daga unguwanni daban-daban, su tsince da hannu, su auna kowane nau'i, su maimaita lokacin damina da lokacin rani, domin jiƙaƙƙiyar shara ta fi busasshiya nauyi kuma tana sauya lissafin. Wannan awon ne ke hana sayen injin da bai dace ba. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya nuna kashi 44 cikin ɗari na sharar gidaje a duniya ragowar abinci ce da ganyayyaki, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuma ta haura rabi. Irin wannan shara ba ta cin wuta da kyau, sai an ƙara mata mai, don haka injin ƙonawar da aka ƙera domin busasshiyar shara ba zai yi aiki a kanta yadda aka yi alkawari ba.

Bayan kaya sai kuɗi da iko. A kowace gaɓa a tambaya: wa ke biya, wa ke karɓa, wa ke da ikon ba da izini, wa zai yi asara in abin ya canja? A nan ake gano tufka da warwara tsakanin ma'aikatu. Ma'aikatar muhalli na ƙarfafa yin taki daga ragowar abinci, ma'aikatar noma na ba takin zamani tallafin da zai sa na gargajiyar ya rasa mai saye. Hukumar ayyuka na son rage ɓaraguzai, ƙa'idar kwangilarta kuma ta ce sabon dutse kaɗai za a zuba a hanya.

Daga nan ake zana taswirar sababi, a zaɓi makama biyu ko uku, a gwada a ƙaramin wuri, a auna, a gyara. Abin da ake aunawa yana da muhimmanci ƙwarai. In aka ce nasara ita ce nauyin abin da aka tattara, kowa zai bi kwalba da kankare ya bar batura da ƙananan na'urori masu guba. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne yawan sabon kayan da aka daina saye saboda tsohon ya maye gurbinsa.

Kalundborg, kusa-kusa

Garin Kalundborg da ke gaɓar teku a Denmak shi ne misalin da kowa ke kawowa, kuma ya cancanci a dube shi da kyau. A 1961 sabuwar matatar mai ta buƙaci ruwa mai yawa, sai aka ja bututu daga tafkin Tissø don kada a ƙarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A 1972 kamfanin Gyproc, mai yin allunan bango da silin, ya fara karɓar rarar iskar gas daga matatar yana busar da allunansa. A farkon shekarun 1980 tashar lantarki ta Asnæs, wadda a lokacin take aiki da kwal, ta fara tura zafinta zuwa gidajen garin, tururinta kuma zuwa matatar da kamfanin magunguna na Novo Nordisk. Da tashar ta sa na'urar tace hayaƙi a 1993, abin da ke fitowa daga tacewar jibsam ne, farin ma'adinin da Gyproc ke shigowa da shi daga waje, sai ya koma saye a maƙwabta. Tokar kwal ta tafi masana'antar siminti, ragowar tankunan Novo ta tafi gonaki a matsayin taki.

Babu wani ofishi da ya zana wannan tun farko. Kowace haɗaka yarjejeniyar ciniki ce tsakanin kamfanoni biyu, an ƙulla ta ne don ta fi arha, kuma sai wajen ƙarshen shekarun 1980 mutanen garin suka lura cewa saƙa guda ce. Abin da hukuma ta yi shi ne tsaurara dokar hayaƙi da ta ruwa har zubarwa ya yi tsada, da shiga cikin harkar bututu. Manajojin kuma sun san juna a ƙaramin gari, akwai yarda. Wuraren da suka kwaikwayi bututun suka manta da waɗannan sharuɗɗa ba su cika samun irin sakamakon ba. Birtaniya ta ɗauki darasin ta wata hanya a 2005, ta kafa shirin ƙasa na masu shiga tsakani, aikinsu su tara kamfanoni a ɗaki ɗaya kowa ya faɗi abin da yake zubarwa da abin da yake saye.

Akwai kuma rauni a cikin irin wannan saƙa. Wanda ya dogara da sharar wani ya dogara da rayuwar wancan. Yayin da Turai ke rufe tashoshin kwal, jibsam ɗin da ake samu daga hayaƙinsu na raguwa, masu yin alluna kuma sun shiga neman madadi.

Inda ake tuntuɓe

Babban tuntuɓe shi ne tattarawa ba mai saye. Shekaru da dama ƙasashe masu arziki na lissafa robar da suka loda wa jirgin ruwa a matsayin wadda aka sake sarrafawa, kusan rabin wadda ake fitarwa kuma Sin take nufa. A Janairun 2018 Sin ta rufe ƙofa ga nau'i 24 na shara, ta kuma sa ƙa'idar cewa datti a cikin abin da za ta karɓa kada ya wuce kashi 0.5 cikin ɗari. Dami ya taru a filaye, wasu garuruwan Amurka suka dakatar da shirinsu, lodin ya karkata zuwa Malesiya, Tailan, Biyetnam, daga baya Turkiyya. An gudu gara an faɗa gidan zago. Sai a 2021 gyaran yarjejeniyar Basel, wadda ta shafi safarar shara tsakanin ƙasashe, ya fara aiki, wanda ya wajabta neman izinin ƙasar da za a kai wa gaurayayyiyar roba.

Ko a cikin gida, tsohuwar roba na gogayya da sabuwa, farashin sabuwa kuma na bin farashin ɗanyen mai. Mai ya faɗi, masu sake sarrafawa su rufe. Maganin da ake gwadawa shi ne ƙirƙiro mai saye da doka. Tarayyar Turai ta wajabta kashi 25 na tsohuwar roba a gorunan sha na PET, wato robar gorar ruwa da lemo, daga 2025, Birtaniya kuma ta sa haraji kan robar naɗi da tsohuwar cikinta ba ta kai kashi 30 ba, wanda ya fara da fam 200 kan kowane tan a Afrilun 2022.

Na biyu shi ne maƙalewa da babban gini. Injin ƙona shara na cin jari mai yawa, ana biyan bashinsa cikin shekara ashirin ko talatin, kwangilar kuma kan tilasta wa hukuma kawo wani adadin shara ko ta biya tara. Daga ranar, rage shara ya zama asara ga hukumar da ya kamata ta rage ta. Suwidin na shigo da shara daga Norwe da Birtaniya don injinanta su ci gaba da ci, Denmak kuma ta yanke a 2020 cewa za ta rage ƙarfin ƙonawarta da kusan kashi 30 kafin 2030.

Na uku ƙarami ne a ido, amma ya kashe haɗaka da yawa: ma'anar shara a doka. Da zarar an kira abu shara, ɗaukarsa da ajiyarsa da sayar da shi duk sai da lasisi. Kamfanin da ke son sayen tokar maƙwabcinsa sai ya ga takardun sun fi tokar tsada. Rubuta ƙa'idar da ke fayyace lokacin da shara ta daina zama shara aiki ne na 'yan shafuka, kuma sau da yawa ya fi sabuwar masana'anta tasiri.

Akwai kuma abin da ke lalacewa tun a teburin mai ƙira. Na'urorin tsince roba da haske ba sa ganin baƙar roba, sai ta wuce juji. Ɗan PVC kaɗan, wato robar da ake yin bututun ruwa da ita, na ɓata narkakken PET mai yawa. Leda mai hawa-hawa da aka manne roba da alminiyam ba ta rabuwa da sauƙi. Shi ya sa Faransa da wasu ƙasashe ke bambanta kuɗin da mai ƙera kaya ke biya, mai wahalar sarrafawa ya biya fiye.

Bambancin ra'ayi

Masu goyon baya na nuna ribar da ake iya aunawa. Narka tsohon alminiyam na cin kusan kashi 5 ne kawai na wutar da sabo ke ci. Koriya ta Kudu ta bi abin daki-daki: biyan kuɗin shara gwargwadon yawanta daga 1995, hana binne ragowar abinci a 2005, sannan kuɗi na musamman kan ragowar abincin a 2013, har mafi yawanta yanzu na komawa taki, abincin dabbobi ko gas.

Masu suka daga ɓangaren kimiyya na cewa da'irar ba ta taɓa rufewa ruf. Zaren takarda na gajarcewa duk zagaye, roba na raguwa a inganci, kowane zagaye kuma na cin makamashi. Suna tuna abin da William Stanley Jevons ya lura da shi a 1865, cewa ingancin injin tururi ƙara cin kwal ya yi, domin abin da ya yi arha an fi amfani da shi. A ganinsu, muddin buƙata na hauhawa, sai an sa iyaka ga haƙo kansa. Holan ta ɗan matsa wajen da burinta na 2016 na rage amfani da sabbin ma'adinai da ƙarafa da man ƙasa da rabi kafin 2030.

Masu ra'ayin kasuwa na ganin gwamnati ba ta da bayanin da za ta haɗa kamfanoni aure, ta sa farashi na gaskiya kan zubarwa da gurɓatawa ta koma gefe. Kalundborg hujja ce gare su, kamar yadda take hujja ga abokan jayayyarsu. Jami'an da ke riƙe da ofis kuma na da nasu ƙorafin, wanda ba a cika saurara ba: taswirar tsari na cin watanni, kasafin kuɗi na shekara ɗaya ne kuma a rabe yake ma'aikata-ma'aikata, wa'adin siyasa gajere ne. Taswirar da ba ta ƙare da sunan ofishin da zai yi aikin da layin kasafin da zai biya ba, a bango za ta tsaya.

Abin da zai taɓa talaka

Kuɗin da aka ɗora wa mai ƙera kaya yakan gangaro cikin farashi, ko da kaɗan ne a kan kowane kaya. Abin dubawa shi ne ko kuɗin kwasar shara da ake karɓa daga gidaje zai ragu daidai da haka, in ba haka ba an biya sau biyu. Tsarin ajiyar kuɗi kan gora, irin santi 25 na yuro da Jamus ke karɓa kan gorar da ba a sake cikawa, ba ya cin mai saye komai in wurin mayarwa na kusa, amma haraji ne ga wanda ke nesa da shi. Biyan shara gwargwadon yawa na rage ta, sai dai in ba a fara samar da hanyar kai tsintattun kaya kyauta ba, yana ƙara zubarwa a kwata da dare.

Masu gyara na cikin waɗanda za su fi amfana. Suwidin ta rage harajin gyaran keke, takalmi da tufafi daga kashi 25 zuwa 12 a 2017. Faransa ta wajabta manna makin sauƙin gyara, daga cikin 10, a jikin waya, kwamfutar tafi-da-gidanka, talabijin da injin wanki a Janairun 2021, makin kuma ya yi la'akari da samun kayan gyara da farashinsu da sauƙin kwance na'urar.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne 'yan bola jari, waɗanda a birane da yawa su ne ke dawo da mafi yawan abin da ake sake sarrafawa. Kwangila ɗaya da aka ba babban kamfani, mai cewa duk abin da ke cikin kwandon shara nasa ne, na iya raba dubbansu da abinci a rana ɗaya, ta kuma rage yawan abin da ake tsincewa. Wasu wuraren sun bi wata hanya. Birnin Pune na Indiya ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar masu tsince shara ta SWaCH a 2008 su riƙa kwasa gida-gida. Dokar Birazil ta 2010 ta ba ƙungiyoyinsu fifiko. Bogota a Kolombiya ta fara biyansu kan kowane tan a 2013, bayan hukunce-hukuncen kotun tsarin mulki, Afirka ta Kudu kuma ta sa kuɗin hidimarsu cikin ƙa'idojin da suka fara aiki a 2021. A duk waɗannan wurare abin da ya fi wuya shi ne rajista, domin ba a iya biyan wanda ba a san sunansa ba, kuma mutanen da suka daɗe ana kora ba sa saurin ba hukuma sunansu. Shi ya sa ƙidayarsu, tare da awon abin da suke tattarawa a rana, ya kamata ta shiga aikin tun ranar da aka fara zazzage motar farko ana auna shara.